Yadda ake naɗe igiyar ɗaure jirgi a ajiye ta tsaf

Duk wanda ya ji an haɗa Maraɗi da jirgin ruwa a magana ɗaya sai ya yi murmushi, don an fi sanin garinmu da gyaɗa da jar akuya da hada-hadar kasuwa. To amma ka fita kimanin kilomita 20 kudu da gari ka sauka Madarunfa, za ka tarar da tabki shimfiɗe, ga kwalekwale jere a baki, ga masunta suna gyaran kalli, wato ragar kama kifi, a inuwa. Can kawuna yake su, can kuma na ci faɗan da ya koya mini darajar igiya.

Wata damina ce, da la'asar sakaliya. Hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, muka yi ta buga filafili har muka iso baki, iska ta riga ta fara tura jirgin gefe. Kawu ya tsallake ya kama turke, ya miƙo hannu ya ce, "Ɗana, jefo igiya." Na duƙa na ɗauko, sai ga ta ta taho da rabin mamari, wato dogon zare mai jerin ƙugiyoyin kama kifi, ƙugiyoyi sun cije ta wuri uku, ƙwaryar kwasar ruwa na reto a jiki. Ni ne na jefa ta nan da safe ba naɗi. Sai da Kawu ya shiga ruwa har ƙirji ya tare jirgin da jikinsa. Bai ce mini komai ba sai da ruwan sama ya ɗauke, sannan ya zaunar da ni ya ce, "Igiyar da ba ta fita a duhu da hannu ɗaya, ba a ajiye ta ba, an yar da ita ne." Abin da zan rubuta nan duk a kan wannan gwajin yake: duhu, hannu ɗaya, gaggawa.

Fara da sanin igiyar da ke hannunka

Mutane suna tsallake wannan, sai su yi ta faɗa da igiya suna zarginta da taurin kai. Igiya iri biyu ce ta fuskar yi. Akwai tufkakkiya, wadda za ka ga silla uku sun murɗe da juna, akwai kuma saƙaƙƙiya, mai santsi kamar kitso. Naɗinsu daban ne, kuma wanda ya yi wa ɗaya naɗin ɗayar zai sha wuya.

In tufkakkiya ce, riƙe ta a tsaye gaban idonka ka dubi inda sillayen suka nufa. In suna hawa zuwa dama, kamar sandar tsakiyar harafin Z, tufkar dama ke nan, kuma kusan duk igiyar inji da ake sayarwa a kasuwa haka take. Irinta ana naɗe ta yadda hannun agogo ke tafiya. In suna hawa hagu, kamar tsakiyar harafin S, sai a juya naɗin. Igiyar da aka tufka da hannu a ƙauye, ta rama ko ta kaba ko ta ɓawon kuka, kada ka yi mata zato, duba ta, don ya danganta da hannun wanda ya tufka.

Sai abin da aka yi ta da shi. A kasuwa duk "igiyar roba" ake ce musu, alhali halinsu ya sha bamban. Yanki ɗan guntu ka tura shi ƙasan ƙwaryar ruwa, ka matse iskar da ke ciki, ka saki. In ya taso sama, mai yiwuwa folifirofilin ne, irin shuɗiyar nan mai araha. Nauyinsa 0.91 ne in an ɗauki na ruwa a matsayin 1, shi ya sa yake iyo. In ya nutse, ko dai nailan ne, mai 1.14, ko foliyesta, mai 1.38. Nailan yana miƙewa in an ja shi ya kuma koma, don haka shi ya fi dacewa da ɗaure jirgi: in iska ta fizgi jirgin, igiyar ce take shanye fizgar maimakon katako. Aibinsa shi ne in ya jiƙe yana rage ƙarfi da wajen kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Foliyesta ba ya miƙewa sosai amma ya fi kowa jure rana. Shuɗiyar mai iyo kuwa rana ce ajalinta. A ranar bazara irin tamu, wadda take haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, ka bar ta a fili ƴan watanni za ka ga launin ya koɗe, ka murza ta gari ya zubo.

Ni ra'ayina, wanda yake da hali ya sayi nailan tufkakkiya don goshin jirgi, ya bar shuɗiyar ga kalli da sauran ƙananan ayyuka. Kauri kuwa, milimita 10 ya wadaci jirgin da bai wuce mita 8 ba. Ƙasa da haka tana yanka hannu ko da ƙarfinta ya isa. Tsawo, a ce igiyar goshi ta kai tsawon jirgin da rabi, don bakin tabki yana matsawa da lokacin shekara, turken da ke bakin ruwa a watan Satumba yana can kan tudu a watan Maris. Ta baya tsawon jirgi ɗaya ya isa. Mu da gaba muke awo, wato buɗe hannu biyu daga yatsa zuwa yatsa, wanda ga babban mutum bai cika kaiwa mita biyu ba. Jirgin gaba huɗu, igiyar goshi gaba shida.

Gyara bakunan kafin komai

Igiyar da bakinta ya warware ba ta shiga zobe, ba ta ƙulluwa da kyau, kuma kullum tana raguwa. In ta roba ce, naɗe wurin da za ka yanka da salatef, ka yanka a tsakiyar naɗin, ka kanga bakin ga wutar ashana har ya narke ya haɗe. Kada ka taɓa da yatsa, robar da ta narke tana manne wa fata. Latsa ta da gefen wuƙa ko ɗan itace mai danshi ka daidaita, kar ta bushe da kaifi. In ta rama ce wuta ba ta yi mata, sai ka samu zare mai ƙarfi irin na ɗinkin buhu ka naɗe bakin tam, faɗin naɗin ya kai kaurin igiyar ko ya ɗan fi. Ni ko ta roba ce nakan yi duka biyun, don narkakken baki yakan fashe in an taka shi.

Wasu sukan yi ƙulli kawai a baki su huta. Yana hana warwara, amma shi ne zai maƙale a tsakanin katako ranar da kake son igiya ta zare.

Kowace igiya da gidanta

Kwalekwalenmu ba shi da daɓe irin na manyan jirage, sai ɗan allon da ake kafawa a goshi da wanda ke baya, sai kujerun tsakiya. Wannan ɗan filin shi za ka tsara. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Igiyar goshi tana zama a goshi, ta baya tana zama a baya, ba sa ziyartar juna. Kalli da birgi, wato ragar da ake jefawa, da mamari suna tsakiya cikin kwandonsu ko buhunsu, tsakaninsu da igiyar ɗauri aƙalla kujera ɗaya. Ƙasan jirgi, inda ruwa da yashi da majinar kifi ke taruwa, ba wurin igiya ba ne ko na minti biyar.

A goshi kana bukatar abu biyu: wurin da gindin igiyar zai ɗauru dindindin, da wurin rataye naɗin. Na farko zobe ne na ƙarfe da aka ɗaure da kusoshi masu noti har suka huda katako, ko rami da aka fafe a katakon goshi aka goge bakinsa. Na biyu yana iya zama ɗan maratayi na itace a cikin bango, ƙasa da baki yadda kalli ba zai kama shi ba in ana ja. Wanda ya samu ƙarfen ɗauri mai ƙaho biyu, irin na jiragen inji, ya huta, don yana yin aikin duka biyun. In za ka sa maƙeri ya ƙera maka, tsawonsa daga ƙaho zuwa ƙaho ya kai kaurin igiyar sau 16, wato igiyar milimita 10 tana son ƙarfe mai santimita 16. Ka ce masa ya goge duk kaifi. Ƙusa tsirara kuwa kada ka kafa, tana yage igiya, tana yage ƙafa.

Gindin igiya a zobe, ƙullin da ba ya zargewa ake yi masa. Ga yadda yake. Zura bakin cikin zoben ka jawo kamar kamu biyu. A jikin doguwar igiyar yi ɗan ƙaramin ido, ɓangaren da ya nufi bakin yana kwance a sama. Shigo da bakin ta ƙarƙashin idon ya fito sama, zagaya da shi bayan doguwar, ka mayar da shi cikin idon ta inda ya fito. Riƙe bakin tare da gefen madauki, ja doguwar. Ba ya shaƙewa kamar zarge, kuma komai jan da ya sha, in ka lanƙwasa bayansa sai ya saki. Ka bar masa wutsiya mai ɗan tsawo, kamar ɗani guda, don a igiya mai santsi yakan sassauta in ba nauyi a kansa. Ka kuma sani kowane ƙulli yana cin ƙarfin igiya, wani ma har kusan rabi, saboda haka ƙullin da ba shi da aiki a tsakiyar igiya a kwance shi.

Naɗin kansa

Nan ne aikin yake, nan kuma zan daɗe.

Abu na farko da za ka bari shi ne naɗi a gwiwar hannu, wanda kowa ya saba da shi tun daga igiyar shanya. Yana da sauri, amma kowane zagaye yana cusa wa igiya murɗi ɗaya wanda ba shi da hanyar fita. Ka jefa ta, sai ta tashi da ƙananan ƙulle-ƙulle kamar hanjin kaza, ta faɗi rabin hanya.

Fara daga ɓangaren da ke ɗaure da jirgi, ka nufi sakakken baki. Dalili shi ne murɗin da ke cikin igiya yana gudu gaban hannunka, kuma sai ya samu bakin da ba a ɗaure ba zai fice. Ka fara daga sakakken baki, duk murɗin zai taru a gindi ya cukurkuɗe. Kafin ka fara, zube igiyar duka a wuri mai tsabta, ka bi ta da hannu daga gindi zuwa baki sau ɗaya. Wannan bin yana kakkaɓe yashi, yana fitar da tsohon murɗi, kuma yatsunka za su ji inda ta fara ci.

Riƙe igiyar a hannun hagu, tafin yana kallon sama, kamar kamu ɗaya daga zobe. Zame hannun dama a jikinta har iyakar buɗewar da ta yi maka daɗi, ka kama, ka kawo wa hagu. A daidai lokacin da kake kawowa, murza igiyar tsakanin babban yatsa da manuni, ɗan murzawa kaɗan zuwa waje, kamar mai murza zare a mazari. Wannan ɗan murzawar ita ce sirrin duka. In ka yi daidai, zagayen zai sauka a buɗe ya kwanta lumui kusa da ɗan'uwansa. In ya harɗe ya zama kamar lamba 8, murzawar ta yi kaɗan ko ta yi yawa, sai ka saki wannan zagayen, ka girgiza igiyar, ka sake. Kada ka tilasta mata. Igiya tana gaya maka inda take son kwanciya, kai dai ka bi ta.

Buɗewar hannunka ta zama iri ɗaya kowane zagaye. Zagayen da ya fi ƴan'uwansa tsawo shi ne zai rataya ƙasa ya shiga cikin wani ya ƙulle. Ga ƙaramin jirgi, zagaye mai tsawon kamu ɗaya da rabi in an rataye shi ya isa, don kada gindinsa ya taɓa ruwan ƙasan jirgi. Ka jera su a tafin hannu bi da bi, sabo gaban tsoho, kar wani ya hau wani. In ka gama, abin da ke hannunka zai yi kama da gammo mai kyau.

Saƙaƙƙiyar igiya kuwa ba a murza ta. Ba ta da tufkar da za ta shanye murɗi, saboda haka ka kawo ta hannun hagu yadda take, ka bar ta ta harɗe da kanta ta zama lamba 8. Da yawa suna ganin haka sai su ɗauka kuskure ne su yi ta gyarawa. Daidai ke nan: rabin sama yana murɗawa dama, rabin ƙasa yana murɗawa hagu, suna kashe juna, in an ja sai ta fito sumul.

Yanzu ɗaure naɗin. Hanya biyu ce, kuma ya danganta da ko igiyar tana jikin jirgi ko a sake take.

In tana ɗaure a goshi, ga naɗi a hannun hagu, ga ɗan ragowar kamu ɗaya tsakaninsa da zobe. Zura hannun dama ta tsakiyar naɗin, kamo wannan ragowar, jawo ta ta cikin naɗin ta zama madauki, murɗa madaukin sau ɗaya ko biyu, ka rataya shi a maratayi ko a ƙahon sama na ƙarfen. Nauyin naɗin ne zai riƙe kansa. Ranar bukata, ka zare madaukin daga maratayi, naɗin ya faɗo hannunka a shirye. Ba ƙulli ko ɗaya da za ka kwance, shi ya sa na fi son wannan a kan kowace hanya.

In igiya ce ta ajiya wadda ba ta ɗaure da komai, ka rage kamar gaba ɗaya a ƙarshe. Matse naɗin a wuya, wato kashi ɗaya cikin uku daga sama, ka zagaye shi da ragowar sau uku ko huɗu, kana hawa sama, zagayen farko ya danne kansa. Lanƙwasa abin da ya saura ya zama madauki, tura shi ta cikin idon da ke saman naɗin, buɗe shi ka kifa shi a kan naɗin kamar hula, ka ja wutsiyar ya matse. Irin wannan ko ka jefa shi cikin buhu da wasu kaya ba ya warwarewa.

Ga wani ɗan abu da ake mantawa. In ka sauke naɗi a kan allo don igiya ta zare, ɓangaren da zai fara fita shi ne zai kasance a sama. In jirgi ne zai ja da baya igiyar tana bin sa daga gindi, kifa naɗin. In baki za ka miƙa wa na tudu, bar shi yadda yake. Igiyar da ake ja daga ƙasan naɗi tana ɗago duk zagayen a dunƙule.

In kuma jifa za ka yi, raba naɗin biyu: zagaye uku ko huɗu na ɓangaren baki a hannun dama, sauran a hagu da tafi buɗe yana kallon inda za ka jefa. Jefa daga ƙasa, ka nufi gefen mutumin, ka bar na hagu su bi da kansu.

Faifai da bido

Akwai naɗin da ake yi a shimfiɗe, a fara daga baki a tsakiya a yi ta zagayawa har ya zama kamar faifai. A hotunan jiragen masu kuɗi na Turai za ka gan shi a bakin gada, gwanin kyau. Ni ban ba ka shawarar sa ba sai in baƙi za ka ɗauka yawon tabki kana son jirgi ya yi kwalliya na awa ɗaya. Yana shanya igiyar duka ga rana, ƙarƙashinsa yana riƙe danshi da ƙura har ya bar tabo a katako, in ka ja shi da sauri kuma murɗi yake fitowa da shi.

Abin da ya fi shi amfani nesa ba kusa ba shi ne tsohon bido. Samu na lita 20 wanda bai taɓa ɗaukar fetur ko maganin ƙwari ba, yanke samansa, goge bakin, huda ƙasansa wuri biyar ko shida don ruwa ya tsiyaye. Fito da gindin igiyar ta ɗaya daga ramukan ka ɗaure a zobe. Sauran kuwa ka yi ta zuba ta ciki hannu bayan hannu, ba naɗi, ba shiri, yadda ta faɗa. Da ido za ka ce hargitsi ne. Amma tunda abin da ya shiga ƙarshe shi ke sama, in ka ja sai ta fito tar ba sarƙewa, muddin ba wanda ya zura hannu ya juya ta. Doguwar igiya, irin wadda ake ɗaura wa dutse ko ƙarfe a saka a ruwa don tsayar da jirgi a tsakiyar tabki, wannan ce hanyarta. Irin wannan igiyar tana son tsawo, kamar zurfin ruwan sau biyar in akwai iska, don jan ya zo a kwance, kuma ba wanda zai so naɗa gaba goma sha biyar a hannu sau shida a yini. Ɗaure bidon da kujera kar ya kife, bakin igiyar kuma ka rataya shi a gefen bido inda hannu zai same shi.

Lokacin da jirgi yake ɗaure

Rabin ɓarnar igiya a bakin ruwa take faruwa. A turke, zagaya sau biyu cikakku kafin ka yi kowane ƙulli, sannan ka yi ƙulli biyu a jikin doguwar, duka ta fuska ɗaya. Zagayen ne suke ɗaukar nauyi, shi ya sa za ka iya kwancewa ko jirgi yana ja. A ƙarfe mai ƙaho biyu kuwa, zagaye gindin sau ɗaya farawa daga ƙahon da ya fi nisa, yi lamba 8 a kan ƙahonin sau ɗaya ko biyu, ka rufe da juyayyen madauki guda. Tara naɗi goma a kai ba ya ƙara ƙarfi, ɓata lokacin kwancewa kawai yake.

Ragowar igiyar fa? Kada ka bar ta a ƙasa cikin taɓo inda shanu masu zuwa shan ruwa za su tattake ta. Ko ka naɗe ka rataya a kan turken, ko, wanda ya fi, ka daidaita tsawon daga cikin jirgi yadda ragowar za ta zauna a maratayinta. In za ka tashi kai kaɗai, zagaya igiyar bayan turke ka dawo da bakin cikin jirgi, in ka shiga sai ka saki baki ɗaya ka jawo. Ka huta da shiga ruwa, kuma duk mai zama bakin tabki ya san tsargiya a irin wannan ruwan na gefe ake ɗaukarta.

Da damina ka yi wa jirgi talala, kada ka ɗaure shi tam. Ruwan da ke cika tabki da gulbi ba lallai a kanka ya sauka ba. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya bi ta wajen Jibiya ya shigo mana, don haka sama tana iya zama garau a nan ruwa ya ƙaru da dare. Mutanen Maraɗi ba sa bukatar a ba su labarin gulbi: ambaliyar 1945 ce ta sa aka tashi tsohon gari daga fadama aka koma kan tudu. Jirgin da aka ɗaure gajere a ƙasan turke, in ruwa ya hau, igiyar ce za ta danne goshinsa ya sha ruwa. Da rani kuma akasin haka, ruwa yana janyewa, ka dawo bayan kwana biyu ka tarar da jirgi zaune a taɓo.

Duba inda igiyar take gogar bakin jirgi. Kullum wuri ɗaya ne, kuma nan take tsinkewa. Yanki guntun tsohon tiyo kamar ɗani ɗaya, zura igiyar ciki, ka ɗaure shi da zare a daidai wurin. In babu tiyo, tsumma mai kauri ma ya yi. Bayan ƴan watanni ka juya igiyar, gindi ya koma baki, don cin ya rabu.

Masu jirgin inji, irin waɗanda kan tafi aiki Kogin Kwara wajen Gaya ko Tabkin Chadi, su ƙara kula da abu ɗaya: igiyar da ta zubo daga jirgi farfela take nema, shuɗiyar mai iyo ta fi kowace saurin shiga. Kafin a tada inji a ga kowace igiya a cikin jirgi. Wasu ma sukan rage igiyar goshi yadda ko ta faɗa ruwa ba za ta kai farfela ba, su ajiye doguwa daban. Kuma ko da inji ko babu, ba a sa ƙafa cikin zagayen igiya, ba a naɗa ta a hannu in jirgi yana ja, ba a tsayawa a saitin nailan da ya miƙe tam, don in ya tsinke dawowa yake kamar bulala.

Wanki da ajiya

Yashi shi ne babban maƙiyi. Yana shiga tsakanin sillaye, duk lokacin da igiya ta miƙe sai ya yi ta yankan ta daga ciki inda ido ba ya gani. Da hunturu ƙura kan ƙara nata. Lokaci-lokaci jiƙa igiyar a baho da ruwa mai tsabta, ka motsa ta, ka zubar, ka sake har ruwan ya daina yin ja. Sabulu kaɗan ba laifi. Ruwan jabel, mai sa kayan wanki fari, kada ya taɓa ta, haka ruwan batir, wanda yake cinye nailan ko da waje bai nuna ba. Shanya a inuwa inda iska ke bi, a sake, sai ta bushe sarai kafin a naɗe. Ta rama ko ta kaba in aka naɗe ta da danshi ruɓewa take daga ciki. In za a jingine jirgi na tsawon lokaci, cire igiyoyin ka kai gida ka rataya a rumfa, nesa da ƙasa saboda gara, nesa da bango saboda ɓera, wanda ƙarnin kifi ke kira.

Gwajin lafiyarta ba wuya. Murɗa tufkar baya ta buɗe ka leƙa ciki. In cikin yana da tsabta da sheƙi, da sauranta. In ka ga gari, ko silla ɗaya ta fi sauran sirancewa, ko wani wuri ya yi tauri kamar an ƙona, yanke wurin in kusa da baki yake, in a tsakiya ne a sauke ta daga aikin ɗaure jirgi ta koma ɗaurin itace ko shanya. Guntayen kuma a tafi da su gida. Tun 2019 tabkin Madarunfa yana cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, tsuntsaye masu yawa suna sauka a nan, kuma zaren roba ba ya ruɓewa: ko ya sarƙe ƙafar tsuntsu, ko ya shiga kallin maƙwabcinka.

Tsarin da Kawu ya ɗora ni a kai daga baya gajere ne. In an kwance daga turke, kafin a ɗauki filafili, a naɗe igiyar goshi a rataya. In an hango baki, tun da sauran tafiya, na gaba ya sauke naɗin ya riƙe a hannu, ya duba ba abin da ya hau kai. In an ɗaure, ragowa ta koma maratayi kafin a fara fitar da kifi, don da zarar ƴan saye sun kewaye jirgi ba mai sake tuna igiya. Sati biyu cur ya sa ni ina naɗe gaba shida ido rufe a tsakar gida, yana zaune kan tabarma yana gyaran mamari. In na gama sai ya karɓi bakin ya fizga. In ta sarƙe ko sau ɗaya, ba ya ko ɗaga kai, sai ya ce, "Sake, ɗana."